Tambaya da Amsa: Mazarin da ke Kudu da Jabha

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan galaksi ɗaya, wato birnin taurarin da masana suka yi wa rajista da lamba NGC 3115. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. A lise, wato makarantar sakandare, an koya mana cewa galaksi ko dai mai hannaye ne da ke murɗawa, ko kuma mulmulalle kamar ƙwai. Sai na ga an rubuta S0 a gaban NGC 3115. Wane iri ne kuma wannan?
*Wani ɗalibi, Marwa*

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Ba a koya maka kuskure ba, an dai tsallake na tsakiya ne. Ka dubi waina: tudu a ciki, sirara a baki. Haka birnin taurari na ajin S0 yake. Yana da faffaɗan faifai mai juyawa kamar masu hannaye, yana da ƙaton dunƙule a tsakiya, amma hannayen babu su. Edwin Hubble, wanda ya tsara waɗannan azuzuwa a 1926, ya yi hasashen ajin a 1936 don ya cike giɓin da ke tsakanin nau'o'in nan biyu da ka sani, daga baya hotuna suka tabbatar da cewa akwai shi, kuma da yawa.

Abin da ya hana shi hannaye shi ne rashin haihuwa. Hannayen da kake gani a hoton galaksi irin namu wurare ne da iskar gas mai sanyi ke cunkushewa tana haifar sababbin taurari. Manya daga cikin jariran nan shuɗɗa ne, masu tsananin haske, amma ba sa daɗewa: shekara miliyan kaɗan sun ƙone. Ƙanana irin ranarmu kan kai shekara biliyan 10. Idan gas ɗin ya ƙare, shuɗɗan su mutu ba a maye gurbinsu ba, sai a bar tsofaffi masu launin rawaya da ja-ja, faifan ya zama sumul. Gari ne da babu goyo a cikinsa, sai dattawa.

Yadda gas ɗin ke ƙarewa ba hanya ɗaya ba ce. A cikin manyan tarukan galaksi, inda ɗaruruwa ke cakuɗe, akwai gas mai zafi a tsakaninsu, kuma duk galaksin da ya kutsa cikinsa da gudu sai a share masa nasa, kamar yadda iska ke kwashe dusa idan ana sheƙe. Masana biyu, Gunn da Gott, suka yi bayanin wannan a 1972, kuma a 1980 Alan Dressler ya nuna da ƙidaya cewa masu siffar waina sun fi yawa a inda cunkoso ya fi. Sai dai NGC 3115 ba a irin wannan cunkoso yake ba, kusan shi kaɗai ne a unguwarsa, don haka nasa sai a nemi dalili a cikin gida: ya cinye gas ɗinsa da wuri, ko haɗuwa da wani galaksi ta hanzarta ƙarewarsa.

Mu daga nan ta gefe muke ganinsa, shi ya sa ba a gardama a kan ajinsa. Wainar da ka kalla ta gefe kamar mazarin kaɗi take, kuma laƙabinsa a Turance ma'anarsa ke nan, mazari. Wanda aka kalla ta fuska kuwa da wuya a bambanta shi da mai siffar ƙwai. Galaksin M84 da na M86 misali ne, wani kundin ya sa su a nan, wani a can.

Ina koyar da lissafi. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda aka san nisansa shekarar haske miliyan 32 ne, na rasa abin da zan rubuta a allo. Ko akwai lissafin da za mu iya yi a aji?
*Wani malami, Njamena*

Akwai, Malam, kuma daɗinsa shi ne lissafin da kansa zai nuna wa yara inda yake yin ƙarya.

Fara da ma'auni. Haske na tafiyar kilomita kusan 300,000 a sakan. Shekarar haske ɗaya kilomita tiriliyan 9.46 ce. Masana sun fi amfani da megafasek, wanda ya yi daidai da shekarar haske miliyan 3.26.

Akwai na'urar da ke tsefe hasken galaksi ta baje shi kamar bakan gizo. A cikin bakan akwai baƙaƙen layuka, inda sinadaran da ke jikin taurari suka shanye wani yanki na hasken. Galaksi mai haihuwa yana ba da layuka masu walƙiya na gas, masu sauƙin aunawa, amma irin wannan ba shi da su sosai, sai a dogara da baƙaƙen, musamman biyu na kalsiyam. A ɗakin gwaji ɗayansu yana kan nanomita 393.4, ɗayan 396.8, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A hasken NGC 3115 layin farko ya gusa wajen ja da kusan nanomita 0.87. Raba 0.87 da 393.4, ka sami 0.0022. Ninka da gudun haske, ka sami wajen kilomita 660 a sakan. Da wannan gudu yake nisanta da mu.

Dokar Hubble ta ce a raba gudun da wata lamba, wadda masana ke jayayya a kanta tsakanin 67 da 73. Ɗauki 70. Sakamako megafasek 9.5, wato shekarar haske miliyan 31. Yara za su yi tafi. To, a nan ne za ka tsayar da su, don dace aka yi.

Ranarmu ba a tsaye take ba. Idan aka auna ta da tsohon hasken da ya cika sararin samaniya tun farkonsa, tana tafiyar kusan kilomita 370 a sakan, kuma kusan wajen wannan sashen sama ta nufa. Idan ka cire tafiyarmu, gudun galaksin ya koma kusan 1,000, lissafi ya ba da shekarar haske miliyan 46 ko fi. Wanne za a ɗauka? Ko ɗaya. Kowane galaksi yana da tasa ƙaramar tafiya ta kilomita ɗari biyu ko uku a sakan saboda janyewar maƙwabta. Ga wanda gudunsa 660 ne, wannan kusan rabin amsa ne. Ga wanda gudunsa 5,000 ne, kashi 6 cikin ɗari ne kawai. Dokar Hubble ta na nesa ce.

Lamba 32 ɗin daga wata hanya ta fito, wadda John Tonry da Donald Schneider suka gabatar a 1988. Ka zuba gero a faifai. Kusa da ido tsaba-tsaba ne, idan aka kai shi ƙarshen tsakar gida sai ya zama shimfiɗa ɗaya sumul. Hoton galaksi ma haka. Kowane ɗigo na kyamara yana ɗauke da taurari masu yawa, kuma adadinsu na bambanta daga ɗigo zuwa ɗigo. Idan nisa ya ninka biyu, kowane ɗigo zai ɗauki ninki huɗu na taurari, kaushin hoton ya ragu da rabi. Auna kaushin, ka san nisan. Hanyar ta fi dacewa da biranen taurari irin wannan, don ƙura da jariran taurari ne ke ɓata ta, shi kuwa ba su dame shi ba. Da ita aka sami megafasek 9.7 a 2001, wato shekarar haske miliyan 31.6, da yiwuwar kuskure na 'yan kaso cikin ɗari.

Ga aikin gida na ƙari. Tsawonsa a sama minti 7.2 ne na kusurwa, minti kuwa kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Mayar da shi radiyan, 0.0021, ka ninka da nisan. Za su sami wajen shekarar haske 66,000 daga baki zuwa baki na sashen da ke fitowa a hoto.

Ina da madubin hangen nesa mai faɗin milimita 150, tsawon haskawarsa 1,200, da gilashin ido biyu, na 25 da na 10. Dare uku a watan Janairu na neme shi daga saman soro ban ga komai ba. Madubin ne ya yi ƙanƙanta?
*Wani mai karatu, Garwa*

Madubinka ya isa har da saura, ɗan'uwa. Mai faɗin milimita 100 ma yana nuna shi a dare mai kyau, domin haskensa a tattare yake. Wata ka zaɓa mara kyau, da wuri mara kyau.

Janairu tsakiyar hazo ne. Iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ga hayaƙin ƙona daji a kai. Ƙurar na yin ɓarna biyu: tana rage hasken da ke zuwa daga sama, tana kuma mayar maka da hasken fitilun gari, sama ta yi fari-fari. Tauraro ɗigo ne, yana huda hazo. Galaksi shafaffen haske ne, da zarar bayansa ya yi fari ya ɓace. Gwaji mai sauƙi: idan rana ta faɗi fara fat kamar faranti tun ba ta kai ƙasa ba, kada ka wahalar da kanka a daren.

Lokaci biyu muke ba da shawara. Na farko Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya kankama: da ƙarfe huɗu da rabi na asuba a tsakiyar watan yana sama da digiri 50 a kudu maso gabas. Na biyu Afrilu da farkon Mayu, musamman daren da ya biyo bayan ruwan farko da ya wanke sama. Yana kaiwa ƙololuwarsa, daidai kudu, da tsakar dare a wajen 21 ga Fabrairu, da ƙarfe goma a ƙarshen Maris, da ƙarfe tara a makon farko na Afrilu, da ƙarfe takwas a wajen 22 ga Afrilu. A Garwa tsayinsa a lokacin digiri 73 ne, a Njamena 70, a Ngaundare 75. Masu kallo daga Turai ba sa samunsa da wannan tsayi.

Sai batun hasken farin wata. Ka bi lissafin watan Musulunci. Don kallon farkon dare, daga 20 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa. Don kallon asuba, daga 28 zuwa 9. Ka kuma fita bayan gari, inda babu fitila a kudancinka.

Yanzu nema. Burjin Zaki yana da tauraro mafi haske da ake kira Regulus, Ƙalbul Asad na Larabawa, ɗaya daga cikin huɗun nan na Jabha da masu lissafin taurarin damina suka sani. Galaksin yana kudu da shi kusan a miƙe, da digiri 20, wato dunƙulen hannu biyu idan ka miƙe hannunka. Amma wannan hanya doguwa ce, babu alama a kanta. Gara ka fara daga Alfard, tauraro mai launin ruwan lemo da ke kudu maso yamma da Regulus, shi kaɗai mai haske a wannan fili, sunansa ma na Larabci ma'anarsa tilo. Daga Alfard ka yi gabas digiri 6 da ƙaramin madubin saiti, za ka tarar da wani dusasshen tauraro mai darajar haske ta 5, wato da kyar ido ke ganinsa, Gamma na rukunin taurarin Sekstan. Galaksin yana gabas da shi da digiri 3 da 'yan kai, ya ɗan karkata arewa da ƙasa da rabin digiri.

Idan saiti na ba ka wahala, ka bar duniya ta yi maka aikin. Sa gilashin 25. Raba 1,200 da 25, girmamawa 48 ke nan, fagen da kake gani kusan digiri ɗaya. Lokacin da Gamma ke daidai kudu, ka sa shi a tsakiya, sannan ka ɗaga bakin madubin sama a hankali har tauraron ya yi kashi uku cikin huɗu na hanyar zuwa baki. Cire hannunka. Sama na juyawa digiri ɗaya a minti huɗu, don haka bayan minti 12 da sakan 40 galaksin zai zo tsakiya da kansa. Ka fara leƙawa tun minti na 11. Sa'annan ka sauya zuwa gilashin 10, girmamawa 120, wanda zai duhunta bayan ya fito da siffar mazarin.

Kurakuran da suka fi yawa ƙanana ne. Mutum ya duba waya, ya lalata sabon da idonsa ya yi da duhu, alhali sabon na buƙatar minti 20 zuwa 30. Idan dole ne haske, a rufe tocila da jar leda ninki biyu. Wani ya fito da madubi daga ɗaki mai zafi ya fara kallo nan take, iska na tafasa a cikin bututun, hoto na rawa. A ba shi rabin awa a waje. Soro da siminti su ma suna fitar da zafin yini har cikin dare, gara ƙasa. Wani kuma ya zuba wa abin ido kai tsaye, alhali tsakiyar ido ba ta iya dusasshen haske ba. Ka kalli ɗan gefe, zai ƙara fitowa. Na ƙarshe shi ne tsammanin hoto. Ba launi za ka gani ba, ɗan tsinken haske ne toka-toka mai ƙulli a tsakiya, bai kai rubu'in faɗin wata ba. William Herschel ma da ido ya gano shi ta madubin hangen nesa ranar 22 ga Fabrairu 1787, ba da kyamara ba.

Wani kundi ya ce darajar haskensa 8.9, wani ya ce 9.9. Wanne ne ya yi kuskure?
*Wata malama, Ngaundare*

Babu, Malama. An auna na farko ta tacen haske mai launin kore-rawaya, kusa da abin da ido ke ji, na biyu ta tace shuɗi. A wannan ma'auni babbar lamba ita ce dusasshiya, kuma kowace daraja ɗaya ninki 2.5 ce, daraja biyar ninki 100. Tazarar daraja ɗaya cur tsakanin tacen biyu ita ce shaidar tsufan da muka yi magana a sama. Galaksi mai haihuwa tazararsa kan tsaya wajen rabin daraja ko ɗan fi. Don kallo da ido, 8.9 za ki ɗauka: ya fi tauraro mafi dusashewa da ido ke iya gani dusashewa kusan ninki 15.

Ki kuma kula da lamba, kada ki dogara da laƙabi. Akwai wani mai siffar waina, NGC 5866, da shi ma ake kira mazari. Shi can arewa yake, nisansa wajen shekarar haske miliyan 50, yana da baƙin zaren ƙura da ya ratsa tsakiyarsa, kuma lokacin kallonsa da farkon dare ya faɗa Yuni da Yuli, tsakiyar gajimare a wajenku.

An ce akwai baƙin rami, wato dunƙulen nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, a cikin NGC 3115, mai nauyin rana biliyan ɗaya. Abin da ba a gani, da wane sikeli aka auna shi?
*Wani mai karatu, Kuseri*

Da gudun maƙwabtansa. Ana ɗora siririyar tsagar na'urar tsefe haske a tsawon mazarin. Layukan gefe ɗaya sun ƙara gusawa wajen ja, na ɗaya gefen sun ragu, alamar faifan na juyawa, da gudun da ya haura kilomita 200 a sakan. Kusa da cibiya kuma layukan na yin faɗi, don taurari na kai-komo da gudu iri-iri. Sai a lissafa nauyin da ake buƙata don riƙe taurari masu wannan gudu, a cire nauyin taurarin da haskensu ya nuna. Abin da ya rage, a ɗan ƙaramin wuri, ba ya haske, shi ne ramin. John Kormendy da Douglas Richstone suka yi wannan a 1992, suka sami kusan rana biliyan ɗaya, awo na baya kuma na yawo tsakanin ƙasa da biliyan ɗaya kaɗan da biliyan biyu. Na tsakiyar galaksinmu rana miliyan 4 ne kawai. A 2011 na'urar Chandra da ke sararin sama ta ga zafin gas yana ƙaruwa tun daga wajen shekarar haske 700 da cibiyar, inda janyewar ramin ta fara rinjaye.

Raunin hanyar a wurin cirewar yake. Idan na'ura ba ta da kaifin da za ta ware cibiyar, ko aka raina nauyin taurari, sai a jingina wa ramin abin da ba nasa ba. NGC 1277, wani mai siffar waina a taron galaksi na Perseus, nisansa ya haura shekarar haske miliyan 200. A 2012 an sanar da cewa raminsa ya kai rana biliyan 17, labari ya zaga duniya. Da aka sake aunawa da na'urori masu kaifi, lambobin da suka fito a 2016 sun faɗo tsakanin biliyan ɗaya da biliyan biyar. Duk lokacin da ka ga an ce mafi girma a tarihi a kan abu mai wannan nisa, ka jira awo na biyu.

Ƙura ta rufe mini madubi. In goge da tsumma?
*Wani mai karatu, Marwa*

Kada ka kuskura. Ƙurar hunturu tana da ɓarɓashin yashi, rufin alminiyam da ke fuskar madubin kuwa bai kai kaurin gashi ba ko kusa, shafa ɗaya da busasshen tsumma ya isa ya zana shi. Ƙura kaɗan ba ta rage gani yadda kake zato, ka bar ta. Idan ta yi kauri, ciro madubin daga bututun, ka hure da 'yar robar hura iska, ka jiƙa shi minti goma a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigo biyu na sabulun ruwa, ka ja audugar asibiti a kansa yana cikin ruwan ba tare da dannawa ba, kowane ja da sabuwar auduga. Ɗauraye da tataccen ruwa irin na batir wanda babu asid a cikinsa, don ruwan rijiya na barin tabon gishiri. Jingine shi a tsaye ya bushe da kansa. Idan ka mayar, kada ka matse maƙallan, a bar ratar da takarda za ta shiga, sannan ka sake daidaita saitin maduban biyu kafin ka fita kallo.